Surukata ta ce wata zai ja ruwan cikina

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Jidda, a nan aka haife ni, asalin iyayena Katsina. Ina da cikin fari wata bakwai, muna zaune gida ɗaya da Hajiya, mahaifiyar maigidana. Tun da cikin ya fito ta kafa mini doka: daren sha uku, sha huɗu da sha biyar ga wata ba ni ba fita, ko leƙa taga. Ta ce wata yana jan ruwan teku, jikin mutum kuwa ruwa ne, balle mai ciki. Ita kanta ta yi ɓari sau biyu a ƙuruciyarta, ta ce duka a farin wata ne. Watan jiya awona ya faɗo daren sha huɗu bayan isha'i, ta hana ni zuwa. Raina ya ɓaci na ce mata wannan camfi ne. Ta yi kuka, har yau da kyar take amsa gaisuwata, maigida ya ce na raina uwarsa. Sai ga ƙaninsa ya turo bidiyo ta WhatsApp wai wata na kusanto duniya ƙarfinsa ya ninka. Yanzu ni kaina tsoro ya fara kama ni. Na yi kimiyya a sakandare amma lissafin ya gudu. Da gaske wata zai iya cutar da abin da ke cikina? Kuma yaya zan yi da Hajiya?

Ƙanwarki daga Jidda

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya raba lafiya, Ya sa a ji alheri.

Wata ba zai taɓa abin da ke cikinki ba. Amma ba na so ki karɓi wannan don Anti ta faɗa, domin gobe wani bidiyon zai zo ya ture maganata kamar yadda wannan ya ture abin da kika koya a aji. Ɗauko wayarki ki buɗe kwalkuleta, ki juya wayar a kwance don maɓallan kimiyya su fito, mu yi lissafin tare.

Hajiya ba ta yi ƙarya ba da ta ce wata yana ja. Duk abu biyu masu nauyi suna jan juna, ko wata da teku ne, ko ke da kujerar da kike kai. Isaac Newton ne ya rubuta ƙa'idar a 1687, kuma gajeriya ce: ki ninka nauyin abu na farko da na biyu, a kilo, ki ninka da wata lamba da ba ta canzawa, sannan ki raba da tazarar da ke tsakaninsu, a mita, bayan kin ninka tazarar da kanta. Ana auna tazarar daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Amsar tana fitowa a ma'aunin ƙarfi da ake kira niyuton. Lambar da ba ta canzawa ita ce 6.67 × 10⁻¹¹, wato 0.0000000000667. Ƙanƙantarta ce ta sa ba ki taɓa ganin tukwane suna rarrafowa wurin juna a kicin ba. Sai a 1798 Henry Cavendish a Ingila ya iya auna wannan ja a tsakanin abubuwan da hannu ke ɗauka, da ƙwallayen dalma biyu masu kilo 158 kowace da wasu ƙanana biyu da ya rataye a siririyar waya. Sai da ya rufe su a ɗaki yana leƙe daga waje da madubin hangen nesa, don iskar motsinsa kaɗai ta isa ta ɓata awon. Daga aikinsa aka fitar da lambar.

Mu gwada ƙa'idar da abin da kika riga kika sani. Mu ƙaddara yanzu da cikin kina kilo 70. Duniya tana da kilo 5.97 × 10²⁴, daga inda kike zuwa tsakiyarta kilomita 6,371 ne, wato mita 6,371,000. In kika zuba su za ki sami niyuton 686 ko kusa da haka. Wannan shi ne jan da ke riƙe ki a ƙasa, shi kike ji a gwiwoyinki in kina hawa bene, shi sikeli ke nuna wa ma'aikaciyar awo.

Yanzu wata. Nauyinsa kilo 7.35 × 10²², matsakaiciyar tazararsa kilomita 384,400. Ninka lambar nan da nauyin wata da kilo 70 naki, za ki ga 3.43 × 10¹⁴. Ninka mita 384,400,000 da kanta, za ki ga 1.48 × 10¹⁷. Raba na farko da na biyu: niyuton 0.0023. A sikeli wannan bai kai kwatan gram ɗaya ba. Duniya ta fi wata jan ki kusan sau 300,000.

Rana kuwa, wadda Hajiya ba ta hana ki ba, kilo 1.99 × 10³⁰ ce, tana nesa da mu kimanin kilomita miliyan 150. Jan da take miki niyuton 0.41 ne, kusan sau 180 kenan na wata, kuma kullum ne, ba kwana uku a wata ba.

Tunda kwalkuleta na hannu, kada mu tsaya a sama. Zara, tauraruwar nan mai haske da ke fitowa da magariba ko da asuba, a lokacin da ta fi kusa da mu tana nesa da kilomita miliyan 40 ko kusa, nauyinta kilo 4.87 × 10²⁴. Jan da take miki niyuton 0.000014 ne. Tankar ruwan da ke zuwa cika muku rijiyar gida, in mun ƙaddara tan 25 ce da lodinta kuma kina tsaye mita uku daga tsakiyarta, tana jan ki da niyuton 0.000013. Kusan kunnen doki da Zara. Maigidanki, in kilo 75 ne yana zaune mita ɗaya daga gare ki, niyuton 0.00000035 kawai yake iya yi, don haka duk abin da ya jawo ki gidansa ba wannan ba ne.

Na san tambayar da za ki yi, domin ita ce ƙashin bayan maganar Hajiya, kuma tambaya ce mai kyau. In jan wata bai taka kara ya karya ba, yaya yake ɗaga teku? Kuma in rana ta fi shi ja sau 180, me ya sa ake danganta cikar teku da wata?

Abin da ke ɗaga teku ba jan ba ne shi kansa, bambancin jan ne tsakanin wannan gefe da wancan. Wata yana jan duniya gaba ɗayanta, da duwatsunta da tekunanta da gidanku da ke. Abin da aka ja daidai wa daida a ko'ina, tare yake tafiya, babu sashen da ke barin wani sashe, don haka ba ya miƙewa kuma ba ya matsewa. Matsalar duniya ita ce faɗi. Daga gefe zuwa gefe kilomita 12,742 ce. Gefen da ke fuskantar wata yana nesa da shi kilomita 378,000, wancan gefen kuwa kusan 390,800. In kika sa waɗannan biyun a ƙa'idar za ki ga gefen kusa ya fi na nesa shan ja da kimanin kashi 7 cikin 100. Wannan bambancin ne ke miƙar da ruwan duniya, ya taru a gefen da ke kallon wata da kuma gefen da ya juya masa baya, duniya na juyawa gaɓar teku tana ratsa su, shi ya sa a yawancin wurare ruwa ke cika sau biyu a yini. Rana tana da ƙarfi amma ta yi nisa ƙwarai, har faɗin duniya bai zama komai ba a kan tazararta, sai bambancin nata ya tsaya ƙasa da rabin na wata.

To cikinki fa? Mu ba shi santimita 30 daga gaba zuwa baya. Tazarar wata mita 384,400,000 ce, kin ƙara mata 0.3. Bambancin ja tsakanin gaban mahaifa da bayanta kashi ɗaya da rabi ne cikin biliyan, na jan da tun asali bai kai kwatan gram ba. Ruwan mahaifa, da jaririn, da ke kanki, da ɗakin, duk tare ake jan ku, daidai wa daida. Kankana mai kilo 5 da aka ajiye mita ɗaya daga gabanki, saboda kusancinta, bambancin jan da take yi tsakanin gaban cikinki da bayansa ya fi na wata sama da sau 2,000. Ki gwada: ki lissafa jan kankanar a mita 1, ki sake a mita 1.3, ki debe. Zancen cewa jiki ruwa ne bai canza komai ba. Wannan ja bai san ruwa daga dutse ba, nauyi da tazara kawai ya sani. Teku tana amsa shi ne don tana shimfiɗe dubban kilomita kuma tana da sakewar gudana. Ruwan da ke cikin tankin saman gidanku ma ba ya cika ya janye.

Ke da kike Jidda kina da shaida a bakin ƙofa. Bahar Maliya, da duk girmanta, a tsakiyarta wajen Jidda da Port Sudan da kyar ake lura da cika da janyewar ruwa, yawanci bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba. A mashigin Fundy na Kanada kuwa ruwa yana hawa ya sauka kusan mita 16. Wata ɗaya ne a kansu. Siffar tekun da yadda ruwa ke kaiwa da komowa a cikinta ne suka bambanta.

Sai zancen kwana sha huɗu. Cikar wata haske ne, ba nauyi ba. Daren ɗaya ga wata da ake ta neman jinjirinsa, kilo 7.35 × 10²² ɗin nan yana nan cif, ɓangaren da rana ta haska ne kawai ya juya mana baya. Gaskiya ne teku ta fi cika a tsakiyar wata, domin a lokacin rana da duniya da wata suna kan layi ɗaya, bambancin jan biyun yana haɗuwa. Amma haka ma take cika a ƙarshen wata lokacin duhu, saboda nan ma suna kan layi. Bidiyon ƙanin mijinki shi ma ya kama gaskiya ta gefe. Hanyar wata ba cikakkiyar da'ira ba ce, yakan matso zuwa wajen kilomita 363,000, ya ja baya zuwa wajen 405,000, kuma wannan matsowa tana da nata zagayen na kwana 27 da rabi, ba ta bin kwanan wata. Wani lokaci ta dace da cikarsa sai a yi ta ɗaukar hoto. Ko ya matso har kilomita 357,000, jan da yake miki ya tashi daga 0.0023 zuwa 0.0027 ne. Babu ninki a nan.

Likitoci ma sun bi zancen da ƙirga, domin ba Hajiya kaɗai ba ce, har ma'aikatan ɗakin haihuwa a ƙasashe da yawa sun yarda farin wata yana kawo naƙuda. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2005 ya duba haihuwa sama da 560,000 a jihar North Carolina cikin shekara biyar, bai ga yawan haihuwa ko matsalolinta suna bin kwanan wata ba.

Akwai wani abu kuma da zan faɗa miki ke kaɗai. Rufin ɗaki ba ya tare wannan ja, labule ba ya tare shi, duniya kanta ba ta tare shi in wata ya koma ƙarƙashin ƙafafunki. Zama a ɗaki da tsayuwa a Kornish, bakin tekun Jidda, duk ɗaya ne. Kada ki kai wa Hajiya wannan. In ta yarda da ke, kin raba ta da maganin da take gani tana da shi, kin bar mata tsoron.

Nan na zo kan laifinki, domin kina da shi. Kin yi daidai a kimiyya, kin yi kuskure a magana. Matar da ta rasa ciki biyu ba lissafi take yi ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ta nemi dalilin abin da ya same ta a lokacin da wataƙila babu wanda ya zauna ya yi mata bayani, ta ɗaga kai ta ga wata, ta riƙe. Yanzu ga jikanta na fari daga wannan ɗa, tana tsare shi da abin da ta sani. Da kika ce camfi, abin da ya shiga kunnenta shi ne 'ya'yan da ta rasa ba komai ba ne, ita kuma jahila ce a gidan ɗanta. Ki je ɗakinta ke kaɗai, ba a gaban kowa ba, ki durƙusa iya yadda cikin ya bari, ki ce, “Hajiya, na yi miki magana ba yadda ya kamata ba, ki yafe mini.” Ki tsaya a nan. Kada ki ɗora “amma” a kai. Ba ki ce wata yana cutarwa ba, ba ki yi ƙarya ba, kalmar kika janye. In ta sake, wata rana ki tambaye ta labarin cikin nan biyu, ki saurara har ƙarshe. Ina kyautata zaton ba a taɓa tambayarta ba.

Bayan haka ki raba dokar tata gida biyu. Zaman gida dare uku a wata, rufe taga, fasa zuwa biki ko shan iska a bakin teku, wannan ki bar mata. Saura wata biyu, bai wuce dare shida ko tara ba, kuma mai ciki wata bakwai ba ta yi asarar komai ba don ta kwanta da wuri. Na san za a sami masu cewa in kika bi yau gobe za a ƙaro wata dokar. Ban ga haka a wasiƙarki ba. Abu ɗaya ta hana, kuma ta faɗi dalilinta.

Awo kuwa ba abin bari ba ne, ko don wa. A watannin ƙarshe ne ake kama hawan jinin masu ciki, wanda kan zo shiru mace ba ta ji komai ba, ana duba fitsari, da jini, da kwanciyar jariri, da bugun zuciyarsa. Wanda kika rasa ki nemi a sake sa miki rana a wannan makon. Hanya mafi sauƙi ita ce ki duba kalandar Ummul Ƙura, kalandar Hijira ta Saudiyya, kafin ki karɓi rana, ki ce a ba ki wadda ba ta faɗa 13 zuwa 15 ba, ko a ba ki safiya. Ba wanda zai tambaye ki dalili. In ya yiwu ki roƙi Hajiya ta raka ki. Bari ta ji bugun zuciyar jikanta a na'ura da kunnenta, ta yi wa likita tambayarta da bakinta. Abin da ba za ta karɓa daga matar ɗanta ba tana iya karɓa daga mai farar riga.

Sauran aikin na maigidanki ne, kuma ki gaya masa na ce bai kyauta ba da ya tsaya a “kin raina uwata” alhali awon ɗansa ne ya wuce. Ki nuna masa lissafin a wayarki lokacin da ransa ke sanyi. Shi zai yi wa mahaifiyarsa magana, kuma ba da niyuton zai je mata ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu a Madina, rana ta yi kusufi, mutane suka ce don rasuwarsa ne. Manzo ya gaya musu rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Uba ne da ke cikin zafin rashin ɗa ya raba abin da ke faruwa a sama da abin da ya sami ɗansa, kuma Hajiya ta san wannan zafin fiye da ni da ke. A Suratur Rahman kuma an ce rana da wata da lissafi suke tafiya. Kwanakin nan uku da take tsoro su ne ma fararen kwanaki da aka kwaɗaitar da yin azumi a cikinsu. Ya faɗa mata a hankali, sau ɗaya, ya bar ta ta juya shi a ranta. In ba ta sauka ba, ba komai, ba sai ta yarda da Newton ba kafin ki haihu lafiya.

Abin da ba zai jira yardar kowa ba shi ne wannan, kuma ku yi shi ke da maigida tun yau, Hajiya na ji. In kika ga jini, ko faya ta fashe, ko ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi, ko fuska da hannaye suka kumbura farat ɗaya, ko jaririn ya rage motsi, ko naƙuda ta taso, asibiti za a tafi nan take, ko nawa ga wata, ko ƙarfe nawa ne. Ya sanar da ita da bakinsa cewa wannan shawararsa ce a matsayinsa na uban ɗa, don kada ranar ta zo a tsaya ana musu a bakin ƙofa. Jakar haihuwa ta zauna a haɗe da katin awo da takardunku a ciki. In ba ya gida kuma babu mota, lambar motar agaji ta Hilal Ahmar 997 ce, ki sa ta a wayarki da ta Hajiya.